Zobe, Mayen Ƙarfe da Hannun da Ba Ya Ɗaukar Jinka

Wani mai gyaran rediyo daga kasuwar Alaba ya aiko da tambaya. Yana harhaɗa tsohuwar ma'adanar kwamfuta mai ƙananan zobba masu riƙe maganaɗisu, irin wadda aka sa wa kwamfutar Whirlwind a Amurka a 1953, yana kuma son sanin sunan da zai ba ta in yana koya wa yaran shagonsa, da karin maganar da za ta saukar musu da aikin.

Malam, mu fara da ƙarfen. "Maganaɗisu" aro ne daga Larabci, Larabawa su ma daga Girkanci suka samo. "Mayen ƙarfe" kuwa ƙirar gida ce: kamar yadda ake cewa maye na kama kurwa, haka shi yake kama ƙarfe. Duka daidai ne. Amma "ƙwaƙwalwa", sunan da wasu ke ba ma'adanar kwamfuta, ban yarda da ita a nan ba, domin abin ba ya tunani, ajiya kawai yake. Ka ce "ma'adanar zobba".

Sauran kalmomin suna wurin masaƙa. Zare shi ne na tsaye, abawa ita ce mai ratsawa. Haka za ka jera zobba 64, takwas-takwas, kowanne a karkace, wayar koyil mai kaurin kusan milimita 0.1 ta bi ta cikinsa a tsaye, wata a kwance. Waya ta uku ta ratsa dukkansu kusurwa-kusurwa. Ita nake kira "wayar sauraro". Ratsawar nan ba ado ba ce, ita ke sa hayaniyar zobban da ba a nufa ba ta kashe juna.

Karin maganar da kake nema ita ce "hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka". Jinka rufin ciyawa ne da ake ɗaurewa a ƙasa, sai an taru a ɗaga shi kan ɗaki. A ce zobenka sai da wuta mai ƙarfin miliamfiya 600 yake juyawa, wato maganaɗisun cikinsa ya sauya fuska; fuska ɗaya ita ce 1, ɗayar 0. Ka ba zare 300, abawa 300. Duk zoben da waya ɗaya ta taɓa yana nan yadda yake. Wanda ke mahaɗar biyun shi kaɗai ya sami hannu biyu, ya juya, ya riƙe 1. Ka juya akalar wutar, ya koma 0.

Wani ɗalibi daga Agege ya tambaya ko daidai ne a ce ana "karanta" ma'adanar. Ana faɗa, amma "ɗiba" ta fi kusa da gaskiya. Don ka san abin da ke ciki sai ka tura 0. In 1 ne zoben zai juya, wayar sauraro ta ji ɗan bugu na 'yan milibolt wanda bai fi kusan kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ba. To ka sani, amma ka share. Kamar rumbu ne, wanda ya ɗiba ya mayar, wato ka sake tura 1 ɗin.

Ya kuma ce zobban da ya cire daga cajar waya sun ƙi riƙe komai. "Sai an gwada akan san na ƙwarai." Waɗancan an yi su ne don su saki maganaɗisu da zarar wuta ta ɗauke. Kafin saƙa, ka gwada zobe ɗaya da osiloskof, na'urar da ke nuna siffar bugun wuta a allo: bugun wuta na farko ya ba da tsini babba, na biyu ta fuska guda ya ba da ƙarami. In duka ɗaya ne, ajiye shi gefe, bai dace ba. Bayan saƙa ka bi wayoyin da mita, don bakin zobe kan kankare fenti su haɗu. Kuma zobe in ya yi zafi yakan juya da wuta kaɗan, har rabin ya ishe shi. Saitin da ka yi da sanyin safiya ka sake duba shi da azahar.