Amsa kan aikin kwantiragin rage kuɗin ƙera kayan asibiti

Wa'alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka ce kai injiniya ne, wani kamfani da ke ƙera kayan asibiti a Amurka ya yi maka tayin kwantiragin wata shida don ka rage masa kuɗin ƙira, kana tambaya ta ina za ka fara. Na jima ina cin abinci a wannan fanni, ga abin da na gani.

A masana'antar fanka, in ka samu roba mai rahusa, canzawa kawai za ka yi. A nan kuwa, kamfani yana bin tsarin kula da ingancin kayan asibiti na ISO 13485, ko ƙusa ɗaya ka canza sai an rubuta dalili, an auna haɗarinsa, an sa hannu. In robar tana taɓa jikin majiyyaci, sai an sake gwaje-gwajen ISO 10993 na tabbatar da ba ta cutar da jiki, wataƙila ma a koma hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna a Amurka da sabuwar takardar 510(k) ta neman izinin sayar da kayan. Ga kuma batun kashe ƙwayoyin cuta: hasken gama da ake kashe su da shi yana mayar da robar folikabonet rawaya, robar Teflon kuwa lalata ta yake yi. Mu ce ka rage santi 5 a kan kaya 200,000 a shekara, dala 10,000 ke nan. Kuɗin gwaji kaɗai na iya lashe ribar shekaru, an gudu ba a tsira ba.

Saboda haka ka fara da abin da ba ya taɓa majiyyaci. Kafin ka buɗe kwamfuta, je ka tsaya a layin haɗa kaya. Leƙa kwandon da ake jefa kayan da suka faɗi gwaji, ka ɗauko ka jujjuya su a hannu. Na taɓa ganin murfi da ake ta zubarwa saboda zane ya tsaurara awo a gefen da ba ya haɗuwa da komai, kuma ba wanda ya tuna dalili. Aka sassauta awon bayan gwaji, zubarwa ta ragu. Ka lura da ma'aikaciyar da ke ɗiga gam tana jira ya bushe; sau da yawa ana iya mayar da guda biyu guda ɗaya tun daga mazubi. Kwali da girman fakiti ma akwai kuɗi a ciki, amma ledar da ke riƙe tsabtar kaya tana da nata gwajin.

Masu kula da inganci kuwa, ka ja su a jiki tun makon farko. Wasu injiniyoyi na ganinsu masu kawo cikas, ni ban yarda ba. Su ne suka san canjin da zai wuce a wata biyu da wanda zai kwana shekara.

Batun biya: kada ka yarda a ce za a ba ka kaso daga abin da aka rage. Ribar ba ta fitowa sai an amince da canji, lokacin kuwa wataƙila kwantiraginka ya daɗe da ƙarewa. Ka nemi biya na awa ko na wata, a rubuce. Allah Ya ba da sa'a.