Amsa: wai aikin makaranta ne koya wa yara zama da mutane?

Ɗan'uwa ka ce koya wa yaro danne fushi da iya zama da mutane aikin iyaye ne kawai, makaranta ta tsaya kan lissafi da kimiyya. Gaskiya ban yarda ba. Eh tarbiyya daga gida take farawa, amma ai a aji yaro yake haɗuwa da wanda ya tsokane shi, wanda ya fi shi maki, wanda ya ƙi wasa da shi, to a nan ne malami zai nuna masa ya faɗi abin da ke ransa da baki ba da duka ba, ya saurari ɗan'uwansa har ya gama magana, ya iya cewa yi haƙuri.

Kuma ba ɓata lokacin karatu ba ne. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2011 ya tattara shirye-shirye 213 na irin wannan darasi, ɗalibai sama da 270,000, aka ga har sakamakon karatunsu ya ƙaru. Ingila ma tun 2020 ta wajabta darasin mu'amala a firamare.

Abin da ya fi damuna malaman ne wallahi. Wanda tsawa da zagi ne aikinsa a aji, yaya zai koyar da haƙuri? Su ya kamata a fara horarwa.