Makankarin teku iri biyu masu suna ɗaya a kasuwar Italiya

Tambaya: Ina aiki a wani gidan abinci a Italiya, inda ake kawo mana ƙananan makankarin teku da ake kira vongole veraci. Sai in ga wani buhu ya fi wani tsada nesa ba kusa ba, alhali a idona duk ɗaya ne. Shin da gaske akwai bambanci?

Amsa: Malam, akwai bambanci, domin halittu biyu ne 'yan gida ɗaya ake sayarwa da wannan suna. Na farko shi ne ɗan ƙasa, Ruditapes decussatus, wanda ke rayuwa a Bahar Rum da gaɓar Tekun Atilantika, kuma shi ne matan mashigin ruwan Gabes na Tunisiya ke tonowa idan ruwa ya janye. Na biyun, Ruditapes philippinarum, baƙo ne daga gabashin Asiya. An shigo da shi Faransa a 1972 domin kiwo, aka kai shi tafkin Benis na Italiya a 1983, kuma da yake ya fi saurin girma da yaɗuwa, sai ya mamaye wurin har ya zama shi ne akasarin abin da ake samu a kasuwa. Ƙarancin ɗan ƙasar ne ya sa ya yi tsada.

Kada ka dogara da launin ɓawo, don yana canzawa gwargwadon yashi ko taɓon da halittar ta girma a ciki, ko da yake baƙon ya fi yawan zane mai ɗaukar ido. Siffar ɓawo kuwa tana ɗan taimakawa: gefen baya na ɗan ƙasa kamar an datse shi ne, na baƙon kuma ya fi zagaye. Amma a gaskiya ko ƙwararru sukan yi kuskure a nan.

Shaidar da na fi amincewa da ita tana jikin naman, kuma kana iya ganinta a wurin aikinka. Ka zuba 'yan kaɗan masu rai a kwano mai ruwan gishiri, kamar yadda kuke yi don su fitar da yashi, ka ajiye kwanon inda ba za a taɓa shi ba. Bayan wani lokaci ɓawon zai ɗan buɗe, wasu 'yan bututu biyu su leƙo, ɗaya yana zuƙar ruwa da abinci, ɗayan yana fesar da shi waje. Idan ka ga bututun sun rabu tun daga tushe, kowanne yana karkata inda ya ga dama kamar yatsu biyu da aka ware, to ɗan ƙasa ne. Idan kuwa a manne suke sai can wajen baki suka rabu, to baƙon ne. Bututun ɗan ƙasa sun fi tsawo, shi ya sa yake iya nutsewa cikin yashi fiye da ɗan'uwansa, tono shi ma ya fi wuya.

Sai dai an taɓa samun waɗanda suka haɗa jini tsakanin irin biyu a gaɓar Galisiya ta Sifaniya, kuma irin waɗannan gwajin ƙwayoyin halitta ne kaɗai ke tabbatar da su. Saboda haka ka riƙa duba takardar da ke maƙale da buhun, domin dokar Tarayyar Turai ta wajabta rubuta sunan kimiyya a kanta.