Maganin dajin hanta da haske: ya iso ga marasa lafiya kuwa?

Tambaya: Likita, barka da aiki. An gano mahaifinmu yana da dajin hanta. Wani ɗan'uwa ya turo mana bidiyo a WhatsApp, wai an samo wasu ƙananan ƙwayoyi da ake yi wa mutum allurarsu, a haska masa eksire, dajin ya mutu ba tare da tiyata ba. Gaskiya ne? Har mun fara shawarar sayar da fili mu fitar da shi waje. Daga wata mai karatu a Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. 'Yar'uwa, kada ku sayar da filin saboda wannan bidiyon. Binciken gaskiya ne, amma har yanzu a ɗakin gwaje-gwaje yake, kan ƙwayoyin daji da ɓeraye. Ba a amince da shi a matsayin maganin dajin hanta ba, a nan ko a waje.

Tushen abin tsohuwar dabara ce. Akwai magungunan da ba sa yin komai a jiki sai haske ya taɓa su. Da ya taɓa su, sai su mayar da iskar oksijin da ke wurin ta zama mai guba, ta kashe ƙwayoyin da ke daf da ita. Ƙasar Kanada ta amince da irin wannan magani, Photofrin, tun 1993, kuma ana amfani da dabarar a kan fata da maƙoshi da hanyoyin iska na huhu, inda haske ke iya kaiwa.

Matsalar hanta ita ce zurfi. Ki ɗora tocila a tafin hannunki da dare: za ki ga ja-ja ta bayan yatsu, amma wajen kaurin hannun duhu ne. Hasken da ake amfani da shi da ƙyar yake wuce santimita ɗaya a cikin nama, hanta kuwa tana can ƙarƙashin haƙarƙari.

A 2006 wasu masu bincike biyu, Wei Chen da Jun Zhang, suka kawo shawarar a ƙirƙiri hasken a cikin dajin kansa. Eksire na ratsa jiki, to sai a ƙera ƙwayoyin nano da ke walƙiya idan eksire ya buge su. Ƙanƙantarsu ta wuce misali: nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita, kaurin silin gashi ɗaya kuwa ya kai nanomita 80,000. Ana manna maganin a jikin waɗannan ƙwayoyi. Eksire ya shigo, ƙwayar ta yi haske, hasken ya tayar da maganin. Abin da ya fi burge ni shi ne fatan rage yawan gashin eksire (ƙona daji da eksire) da ake yi wa mara lafiya, domin hanta mai ciwo ba ta jure gashi mai yawa.

Amma da sauran rina a kaba. Hanta matattara ce, ƙwayoyinta masu shara suna haɗiye yawancin ƙwayoyin nano kafin su isa dajin. Da yawa daga cikin ƙwayoyin nano da ƙarafa masu nauyi ake yin su, kuma yadda za su fita daga jiki bayan aiki babbar matsala ce, musamman ga wanda hantarsa ta riga ta ƙandare. Sannan tsakiyar babban ƙari ba shi da isasshen oksijin, in babu shi kuwa maganin ba ya aiki. Duk wanda ya nemi kuɗinku a kan wannan yau, ku yi hattara da shi.

Abin da nake jin tsoro shi ne ɓata lokaci, domin dajin hanta ba ya jira. Ku koma wurin likitan hanta ko na daji, a asibitin koyarwa na Barau Dikko ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ku tambaye shi girman ƙarin, yawansa, da ƙarfin sauran hantar. A kan wannan ake yanke shawara: a yanke ɓangaren, a ƙone ƙarin da allura mai zafi, a toshe jijiyar da ke ciyar da shi, ko a ba da magani irin su sorafenib. Idan ya yi nisa, rage raɗaɗi da kumburin ciki ma magani ne, kuma haƙƙin Baba ne.

Ku kuma tambaya ko yana da ciwon hanta nau'in B, wanda shi ne babban sanadin wannan daji a ƙasarmu. In yana da shi, Mama da ku 'ya'yansa da 'yan'uwansa na jini duk ku yi gwajin jini. Wanda ba shi da shi ya yi rigakafi, allura uku. Wanda aka samu da shi likita zai duba ko yana buƙatar magani irin su tenofovir da hoton ciki duk wata shida. Gyaɗa ko masarar da ta yi fumfuna kuma a zubar, kada a kai ta niƙa, domin gubar da ke cikinta na haɗuwa da wannan cuta su haifar da dajin.