Sabon Ɗan Kwana-kwana: Da Wane Kaya Zai Fara Sabawa?

Tambaya: Assalamu alaikum. An ɗauke ni aikin kwana-kwana a jiharmu, ƙarshen wata za mu shiga horo. Na ga tukwanen kashe gobara iri-iri, kowace da harafi da launi a jikinta, kaina ya ɗaure. Da me zan fara? Daga wani matashi a Gusau.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanena, Allah ya sanya alheri. Ka fara da tambayar da za ta bi ka har ka yi ritaya: me ke ci? Amsarta ce ke nuna maka abin da za ka sauke daga mota.

Wuta ba ta tashi sai abu uku sun haɗu: zafi, iskar oksijin, da abin da za ta ci. Ka raba ta da ɗaya, ta mutu. Ruwa zafi yake ɗaukewa, kumfa da bargon wuta iska suke toshe mata, rufe kan silindar gas kuwa hana ta abinci ne.

Haruffan nan rukunin gobara ne. A tsarin Birtaniya, wanda aka fi gani a Najeriya, A ita ce wutar katako, takarda da tufafi. B ta fetur, kananzir, dizal da fenti. C ta gas, D ta ƙarafa irin su magnesiyam, F ta man girki. Sai dai a tsarin Amurka C na nufin wutar lantarki, K kuma man girki, kuma kayan ɓangarorin biyu duk suna kasuwanninmu. Don haka kada ka tsaya ga harafi, duba hoton da ke gefensa. Tukunyar ja ce, amma launin tambarinta ke faɗin abin da ke ciki: ja ruwa, mai launin madara kumfa, shuɗi hoda, baƙi iskar CO2, rawaya kuma maganin wutar man girki.

Inda na fi so ka nutsu shi ne B da F, don a nan ruwa ke zama masifa. Fetur bai kai ruwa nauyi ba, in ka watsa masa ruwa sai ya hau kansa ya malala da wutarsa. Man suya ya fi muni. Ruwa na nutsewa ƙasan kasko, nan take ya koma tururi, ya kumbura kusan ninki 1,700, ya yi watsi da mai mai ci a fuskar duk wanda ke kusa. Ita kuma wutar gas, kada ka kashe harshenta alhali ba ka rufe inda yake fita ba. Gas ɗin zai ci gaba da taruwa a ɗaki har ya sami tartsatsi ya fashe. Ta lantarki, a yanke wuta tukuna, sannan CO2 ko hoda.

Riƙon tukunya ba wuya: zare fil, saita gindin wutar, matsa, ka riƙa kai bakin tukunyar dama da hagu, ƙofa na bayanka. Ta CO2 ba ta da agogon matsi, a sikeli ake gane ko ta ragu, kuma bakinta kan yi sanyin da zai ƙona maka hannu.

Mesa, tsani da gatari, maimaici a filin horo zai koya maka su. Ka dai san mesa mai faɗin milimita 45 da mai 70, kuma babbar idan ruwa ya cika ta, ba mutum ɗaya ke riƙe ta ba.

Na'urar numfashi ce nake so ka ba muhimmanci fiye da komai, domin hayaƙi ya fi harshen wuta kashe mutane. Silindar da kake goyawa iska ce irin wadda muke shaƙa, aka matse ta zuwa bar 200 ko 300 (bar ma'aunin matsin iska ne), ba oksijin zalla ba. Tana kai mutum kimanin rabin awa, ƙasa da haka in yana haki. Idan ta sauka wajen bar 50, usur zai kaɗa, kuma ƙa'ida ita ce ya kaɗa kana waje. Sannan abin rufe fuskar ba ya kama fata sosai a kan gemu, hayaƙi na iya kutsawa ta nan. In kana da gemu, ka tayar da maganar da mai horar da ku tun ranar farko.