Gawar da ba a zo ɗauka ba: ta ina za a fara?

Ka ce ɗan'uwanku ya rasu a wani gari, labari bai iso ku ba sai bayan makonni, kuna son sanin ko za a ba ku gawar. Allah ya jiƙansa.

Wa'adin ajiye gawa ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma tsarin kusan ɗaya ne: a ɗauki hoto da zanen yatsu, a ɗaura wa gawar lamba, a nemi dangi. In wa'adi ya cika, hukuma ta yi jana'iza. A Ingila, dokar lafiyar jama'a ta 1984 ta ɗora wannan nauyi a kan ƙaramar hukuma.

Yau ɗin nan ku je ɗakin ajiye gawa na asibitin da aka kai shi, da katin shaida da abin da ke tabbatar da dangantaka, ku nemi lambar rajista. In 'yan sanda na bincike, sai sun sa hannu za a saki gawar.

Inda mutane ke yawan shiga uku shi ne biyan mai harkar jana'iza kafin takardar saki ta fito. Ku ga lasisinsa tukuna, kuma ya rubuta muku kuɗin kowane aiki dalla-dalla.

In an riga an binne, tono kabari sai da izinin hukuma. Nan lauya ya kamata ku nema.