Fatawa: Na Yi wa Mugun Jarumin Fim Hawaye, Ko Ina da Zunubi?

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni tela ne a Rigasa. Idan dare ya yi aiki ya lafa, mukan jingina waya a jikin keken ɗinki mu kalli wani fim mai dogon zango, fassarar Hausa. Jarumin dillalin ƙwaya ne, yana kashe mutane, amma yana ji da mahaifiyarsa, yana biya wa talakawa kuɗin asibiti, kuma waɗanda yake faɗa da su sun fi shi mugunta. Wallahi Malam, kullum fatana kada 'yan sanda su kama shi, ranar da aka harbe shi kuwa har hawaye na yi. Maigidanmu ya ce in tuba, don Annabi (SAW) ya ce mutum yana tare da wanda yake so, ke nan da ɗan ƙwaya za a tashe ni. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Ga kuma ƙanena ɗan shekara 15, ya mayar da sunan mutumin laƙabinsa, hotonsa ne a kan WhatsApp ɗinsa. Mene ne hukuncina, kuma yaya zan yi da yaron?

AMSA

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗana, kwantar da hankalinka, hawayen nan ba zunubi ba ne. Sai dai a cikin tambayarka akwai wurin da ya fi hawayen ban tsoro, wato inda ka ce kullum fatanka kada a kama shi. Zan zo kansa.

Shi wasan kwaikwayo a karan kansa malaman zamani sun yi saɓani a kai. Shaihu Bakar Abu Zaid na cikin waɗanda suka hana, Shaihu Yusuf Alƙardawi na cikin waɗanda suka halatta da sharaɗi. Abin da na rinjayar shi ne hukuncinsa yana bin abin da ke cikinsa. Wanda ke ɗauke da tsiraici, ko izgili da addini, ko yake sa ka makara sallar Asuba, ko kayan sallar mutane su kwana a shago ba a ɗinka ba alhali ka yi alkawari, wannan ya haramta tun kafin a tambayi waye jaruminsa.

Ba da labarin mugun mutum kuwa, da sauraronsa, babu laifi. Alƙur'ani cike yake da shi. A Suratul Ma'ida mun ji ɗan Annabi Adamu yana ce wa ɗan'uwansa sai na kashe ka, mun ga ya kashe, mun ga ya tsaya da gawa ya rasa yadda zai yi har hankaka ya nuna masa. A Suratu Yusuf mun zauna tare da 'yan'uwan suna ƙulla makirci, mun ji kishin da ke cin su. Duk da haka Allah ya kira wannan mafi kyawun labari, ya ce a cikinsa akwai izina ga masu hankali. Mu ma nan da tatsuniyar Gizo aka raine mu, ɓarawo, maƙaryaci, mai ha'intar Ƙoƙi, kuma muna jin daɗin wayonsa. Amma ban taɓa jin uwar da ta yi wa ɗanta addu'ar ya zama Gizo ba, saboda kaka ba ta rufe tatsuniya sai asirinsa ya tonu ya haye rufin ɗaki da kunya.

Haka nan addini bai ce mutum ko dai fari fat ko baƙi ƙirin ba. Allah ya ambaci waɗanda suka cakuɗa aiki nagari da mummuna a Suratut Tauba, aya ta 102. Bukhari ya ruwaito daga Sayyidina Umar labarin wani sahabi mai suna Abdullahi, ana masa laƙabi da Himar, mai ba Annabi (SAW) dariya, wanda aka sha kawowa saboda shan giya. Wata rana wani ya tsine masa, sai Annabi ya hana, ya shaida cewa yana son Allah da Manzonsa. Amma ka lura, an yi masa bulalar. Tausayin bai ɗauke hukunci ba, hukuncin kuma bai kore tausayi ba. Idan hawayenka na irin wannan ne, na ganin ɗan Adam da yake da alheri a jikinsa ya hallaka kansa, to alamar taushin zuciya ce. Ko da ma wani abu ya ɗarsu a ranka ka ƙi shi, hadisin Abu Huraira a Bukhari da Muslim ya tabbatar Allah ya yafe wa al'ummar nan abin da zukata suka raya matuƙar ba a faɗa ko an aikata ba.

To, mu koma kan fatan nan naka.

Ka buɗe Suratul Ƙasas daga aya ta 76. Ƙaruna azzalumi ne, mutanensa sun san haka. Amma ranar da ya fito cikin adonsa, sai masu son duniya suka ce ina ma a ce muna da irin abin da aka ba Ƙaruna, lallai shi mai babban rabo ne. Ba su ce zalunci halal ne ba, ado ne ya rufe musu ido. Sai da ƙasa ta haɗiye shi da gidansa sannan waɗanda suka yi burin matsayinsa jiya suka farga. Duk lokacin da na karanta wurin nan, 'yan kallo nake gani. Kuma Tirmizi ya ruwaito daga Abu Kabsha cewa mutumin da ba a ba shi dukiya ko ilimi ba, amma yana cewa da ina da dukiya da na yi irin abin da wane mai ɓarna yake yi, zunubinsu ɗaya saboda niyyarsa. Ko kwabo bai taɓa ba, buri ne kawai ya kai shi.

Kada ka zaci kai ne mai raunin imani, an gina fim ɗin ne don ya kai ka nan. Mu da muka taso da kallon talabijin a garin nan na Kaduna, inda aka buɗe gidan rediyo da talabijin na Arewa tun 1962, mun san akta daban, bos daban, yaro ma yana bambancewa. Yanzu an ɗauki bos an zaunar da shi a kujerar akta. Kyamara tana bin sa har ɗakin tsohuwarsa, ka ga yana tsuguna mata, ka san talaucin da ya taso a ciki. Wanda ya harbe kuwa, ƙiftawar ido za a nuna shi ya faɗi, ba suna, ba mata, ba marayu. Sai a ƙirƙiro masa abokin gaba da ya fi shi muni, a sa ɗan sanda ya zama maci hanci, don idan ka duba ko'ina ka rasa wanda za ka goya wa baya sai shi. A ɗora kiɗa mai taɓa zuciya, a ba ka kashi bayan kashi wata da watanni. Wa zai zauna da mutum tsawon wannan lokaci bai saba da shi ba? Su kansu masu sana'ar sun san ƙarfin abin. A Amurka kamfanonin fim sun rubuta wa kansu ƙa'ida a 1930, aka tsaurara ta daga 1934, cewa kada a karkata tausayin mai kallo zuwa ɓangaren laifi. A 1968 aka ajiye ta, aka koma rarraba fina-finai bisa shekarun mai kallo. Ba ina cewa ƙa'idarsu hujja ce a shari'a ba, amma mai dafa abinci ya fi kowa sanin abin da ya zuba a tukunya.

Mu kuwa mutanen Kaduna, wanda aka harbe yana da suna a wurinmu. Mun ga harin da aka kai wa jirgin ƙasan Abuja ranar 28 ga Maris 2022, wasu daga cikin fasinjojin da aka sace suka fi wata shida a daji. Mun san gidajen da aka sayar da gona da fili don haɗa kuɗin fansa, mun san abin da ƙwaya da sara-suka suka yi wa matasan unguwanninmu. Da uwar ɗaya daga cikin yaran da ƙwaya ta haukatar za ta zauna a bencin shagonku tana kallo tare da ku, anya bakinka zai iya cewa Allah ya sa kada a kama shi?

Kyautar da yake yi kada ta ruɗe ka. Muslim ya ruwaito cewa Allah mai tsarki ne, ba ya karɓa sai mai tsarki. Kuɗin asibitin da aka samo ta hanyar cika asibitin da 'ya'yan mutane ba sadaka ba ce. Kashe azzalumai da yake yi da hannunsa ma ba adalci ba ne, don malamai sun tafi a kan cewa tsayar da haddi da ƙisasi aikin hukuma ne. Idan kowa ya zama alƙalin kansa, ai mun ga inda ramuwar gayya ta kai garuruwa.

Saboda haka hukuncin yana bin inda zuciya ta tsaya. Wanda ya kalla yana tausayin mutumin yana ƙin aikinsa, babu laifi a kansa. Wanda abin ya fara burge shi, yana tafi idan an yi kisa, yana jin haushi idan gaskiya ta yi nasara, kallon ya zama makaruhi a gare shi, ya ja baya tun kafin ya zarce. Wanda kuwa ya kai ga yarda da aikin, ko burin yin irinsa, ko yaba shi a bainar jama'a, ya faɗa haram, tuba ta wajaba. Abu Dawud ya ruwaito cewa idan aka yi saɓo a bayan ƙasa, wanda ya halarta ya ƙi shi kamar bai halarta ba ne, wanda ba ya nan amma ya yarda da shi kamar ya halarta ne. Kai ka fi ni sanin inda ka tsaya. Daga yadda ka rubuto, ina ganin ka leƙa na biyun, damuwar da ta hana ka barci kuma ita ce ta dawo da kai. Ka yi istigfari, ka wuce wurin.

Hadisin da maigidanku ya kawo ingantacce ne, yana Bukhari da Muslim, asalinsa kuma bushara ce ga masu son Allah da Manzonsa, ko da yake akwai gargaɗi a cikinsa. Sai dai wannan jarumi ba mutum ba ne, marubuci ne ya ƙaga shi, wanda ya fito a matsayinsa ya karɓi kuɗinsa ya tafi gida. Babu wanda za a tashe ka da shi. Abin da ake tsoro shi ne son halin, don shi yana nan a raye, yana da masu yin sa. Ka gode wa dattijon, gyara ya nufa.

Ƙanenka shi ya fi damuna. Babba yakan kalla ya tashi ya bar abin a wurin, yaro ɗan shekara 15 kuwa neman wanda zai zama yake yi, laƙabi da hoto kuma matakin farko ne na kwaikwayo. Kada ka fara da duka ko ƙwace waya, abokai za su tura masa wani gobe. Ka kuma tuna a wurinka ya ga ana kallo. Ka zaunar da shi ku biyu, ba a gaban abokansa ba, ka tambaye shi me ya burge shi. Mai yiwuwa ya ce ƙarfin hali, ko ba a raina shi, ko yana kare uwarsa. Waɗannan ba abin ƙi ba ne, ka ce masa ka yarda, sannan ka tambaye shi mutum nawa aka kashe a fim ɗin, kuma sunan nawa ya riƙe. Ku daina kiran sa da laƙabin a gida, ka nemi ya sauke hoton da kansa. Idan hutu ya zo ka ja shi shago ka ba shi almakashi da guga, ka riƙa sallamar sa da ɗan abin da ya samu. Ka kuma san su wa yake zama da su bayan Isha'i. Idan ka ga ya fara ɗaukar wuƙa, ko ka ji warin wani abu a jikinsa, kada ka ɓoye wa mahaifanku ko da na kwana ɗaya.

Wallahu a'alam.